Yadda Ake Kiwon Ƙaramin Fileko a Akwatin Gilashi Har Ya Hayayyafa a Zariya

Tun da mutane suka ga 'ya'yan kifin nan manne da gilashin akwatina kamar an watsa tsabar shinkafa, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini: yaya aka yi suka yi ƙwai a cikin ɗaki, a Zariya, da wannan ɗaukewar wutar? Na gaji da ba da amsa guntu-guntu a bakin masallaci da kan hanya, shi ya sa na zauna na jera abin daki-daki.

Fileko shi ne kifin nan mai baki a ƙasa da ke manne wa gilashi yana lasar gansakuka. Dangin tarwaɗa ne da ƙurungu, amma asalinsa kogunan Kudancin Amurka ne, kuma jikinsa sulke ne. Wanda zan yi bayani a kai shi ne Ancistrus, wanda masu sayarwa ke kira bristlenose, ni kuwa nake ce masa mai ƙasumba. Yawanci ba ya wuce santimita 12 zuwa 13, kuma a duk danginsa babu mai sauƙin hayayyafa kamarsa. Akwai wasu ƙananan, kamar Panaqolus maccus mai cin itace da Hypancistrus zebra na kogin Shingu a Barazil, amma waɗannan ba na ɗan koyo ba ne, na biyun ma kuɗinsa ya isa ya sa ka fasa.

1. Zaɓi lokacin farawa

Ruwan da kifin nan yake so shi ne mai ɗumin digiri 23 zuwa 27. Zariya kuwa tana da watannin da ke fita daga wannan iyaka ta ɓangare biyu: hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ruwan ɗaki ke iya sauka ƙasa da digiri 20 da asuba, da kuma bazarar Maris da Afrilu da yake haura 30. Saboda haka ka haɗa akwati a ƙarshen Afrilu, ka zuba kifi a Yuni. Damina ita ce kakar wannan kiwo a wurinmu, yanayi da kansa yake riƙe maka ruwan daidai ba da sisinka ba.

2. Akwati da mazauninsa

Tsawo da faɗi ake nema, ba zurfi ba, domin kifin a ƙasa yake rayuwa. Wanda nake amfani da shi tsawonsa santimita 75, faɗi 35, tsayi 35. Idan ka ninka su ka raba da 1,000 za ka samu kusan lita 92, amma bayan yashi da itace abin da yake ɗauka bai fi lita 80 ba, wato jarka uku da 'yan kai irin ta 'yan ga-ruwa mai lita 25. Wannan ya ishi namiji ɗaya da mata biyu.

Masu yanka gilashi na Sabon Gari za su haɗa maka, kuma ya fi sayen na kanti sauƙi nesa ba kusa ba. Ka ce gilashi mai kaurin milimita 6 kake so, a goge bakinsa, a yi masa murfi saboda ƙurar hunturu.

Gargaɗi: ka tsaya a kan gam ɗin silikon da za a yi amfani da shi. Wanda ake liƙe banɗaki da kicin da shi akwai maganin hana fumfuna a ciki, kuma yana kashe kifi a hankali. Lokacin da na kai aikina na farko, mai shagon ya ce, "Malam, ai duk silikon ɗaya ne." Na ce, "Maigida, a dai yi mini da wanda na kawo." Ka sayi wanda aka rubuta na akwatin kifi ne ka kai da hannunka. Bayan an haɗa a bar shi mako guda ya bushe, sannan a cika shi da ruwa a tsakar gida ya yi kwana biyu a ga ko yana yoyo.

Akwati cike ya haura kilo 100. Teburin roba ba zai ɗauka ba. A sa shi a kan ƙarfe ko katako mai ƙwari wanda ya daidaita, a shimfiɗa farin kumfan nan da ke zuwa cikin kwalin firij a ƙarƙashinsa. A nisanta shi da taga da kuma bangon da rana ke duka da yamma.

3. Kayan aiki, da inda kuɗin yake tafiya

Famfon iska, siririn tiyo, matacin soso, ma'aunin zafi, hita mai wat 100, bokiti biyu sababbi da ba su taɓa ganin sabulu ba, tiyo mai ɗan kauri na zuƙo ruwa, da kwalaben gwajin ruwa. Matacin soso, wato soson da famfon iska ke sa ruwa ya ratsa ta cikinsa ya tace, nake ba da shawara ba don araha kaɗai ba: matatan da ke da injin ja suna zuƙe 'ya'yan kifi.

Farashi yana sauyawa kafin ka rufe baki, don haka ba zan rubuta adadi ba, amma ga yadda nauyin yake. Akwati da mazauninsa su ne babban kashi. Sai abin da zai riƙe maka iska idan babu wuta. Sai kwalaben gwaji, waɗanda a wurina sun fi kifin kansu tsada. Yashi, itace, kogo da abinci kuwa kusan kyauta ne.

Maganar wuta ita ce gaba da komai. Famfon iska na gida wat 3 zuwa 5 kawai yake ci, ƙaramar sola ko inbata za ta riƙe shi dare da rana. Idan ba ka da su, nemi ƙaramin famfo mai igiyar USB ka haɗa shi da fawa bank mai 10,000mAh, yakan kai yini da kwana. Ba kifin kaɗai ke buƙatar iskar ba. Ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani da ke cikin soso masu tace dattin ruwa suna fara mutuwa idan iska ta tsaya na sa'o'i masu yawa.

Gargaɗi: ka ɗora famfon a saman da ya fi bakin ruwa tsayi, ko ka sa ɗan bawul mai hana ruwa komawa baya a jikin tiyon. Idan famfo yana ƙasa aka ɗauke wuta, ruwa yakan biyo tiyo ya cika famfon ya malale a ɗaki. Ni da dardumar falo na koyi wannan darasin.

4. Yashi, itace da kogo

Yashin rafi mai laushi ya isa, a wanke shi har ruwan ya fita garau, a zuba kaurin yatsa biyu. Tsakuwa mai kaifi tana goge wa kifin ciki.

Itace dole ne. Fileko yana kankarar jikinsa, yana kuma fakewa a ƙarƙashinsa da rana. Busasshen reshen gwaiba shi ne abin da ya fi sauƙin samu a nan kuma ba ya cutarwa. A ɓare ɓawon, a tafasa shi awa biyu, a jiƙa a bokiti mako biyu ana sauya ruwa har ya nutse da kansa. Idan daga baya ruwan akwati ya ɗan yi launin shayi, ba komai, kifin ma ya fi son haka.

Gargaɗi: kada ka kusanci aduwa, darbejiya, turare, ko duk itacen da ke fitar da farin ruwa kamar tumfafiya da tinya. Aduwa dai tun kaka da kakanni masunta sun san ana bugar da kifi da ita. Katakon kafinta ma a bar shi, yawanci an shafa masa maganin gara.

Sai kogo, wanda in babu shi babu ƙwai. Abin da namiji yake so rami ne matsattse mai ƙofa ɗaya: tsawo kamar santimita 15, faɗin baki 4 zuwa 5, ƙarshensa a toshe. Idan ya yi faɗi da yawa ba zai zauna ba, domin so yake ya toshe ƙofar da jikinsa. Ni wurin wata tsohuwa mai ginin tukwane na je da guntun bututu a hannu. Ta juya shi ta ce, "Ɗan nan, wannan wane irin asusu ne babu gindi?" Na ce, "Inna, ɗakin kifi ne." Ta yi dariya har da tafa hannu, amma ta gina mini guda shida masu kyau. Ka ce a gasa su sosai, kuma kada a shafa musu makuba ko wani rini, tunda ɓawon ɗorawa ba abokin kifi ba ne. In ba ka samu magini ba, guntun bututun roba na famfo da aka toshe gefe ɗaya yana aiki, haka ma gora. A sa kogo biyu ko uku, bakinsu yana kallon gaba yadda za ka iya leƙawa ba tare da ka taɓa ba.

5. Ruwa: a bar shi ya nuna

A nan ne yawancin mutane ke asarar kifinsu, domin an haɗa akwati da safe an zuba kifi da yamma.

Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin. A tara shi a buɗaɗɗen bokiti ya yi kwana biyu, ko a ɗiga maganin cire kulorin. Ruwan burtsatse da na rijiya ba su da wannan matsalar, amma iskar cikinsu kaɗan ce, su ma a bar su su kwana. Idan daga 'yan ga-ruwa kake saye, ka tabbata jarkar ba ta taɓa ɗaukar kananzir ko fetur ba, kuma ka tsaya a kan wuri ɗaya. Yau rijiya gobe famfo yana wahalar da kifi fiye da ruwan da bai cika daidai ba amma bai sauyawa. Ma'aunin pH, wato awon tsamin ruwa da kwalbar gwaji ke nunawa, tsakanin 6.5 da 7.5 ya yi.

Cika akwatin, kunna famfon iska, ka riƙa jefa ɗan tsunkulen abincin kifi duk bayan kwana biyu, babu kifi ko ɗaya a ciki. Abincin zai ruɓe ya saki amoniya, sinadari mai guba ga kifi. Wasu ƙwayoyi za su tsiro a cikin soso su mai da ita abin da kwalbar gwaji ta rubuta NO2, wanda shi ma guba ne, sannan wasu su mai da shi NO3 mai sauƙin illa. Wannan yana cin mako 4 zuwa 6. Ranar da gwaji ya nuna amoniya sifili, NO2 sifili, NO3 kuma ya bayyana, ruwa ya nuna. Idan kana da aboki mai tsohon akwati lafiyayye, roƙi ya matse maka sosonsa a cikin naka, zai rage maka kwanaki da yawa.

6. Sayen kifin

Yawancinsu daga Legas ake kawo su, su biyo ta Kaduna ko Kano, don haka sun sha hanya kafin su iso. Ka duba cikin kifin yayin da ya manne da gilashi. Ciki a lotse da idanu da suka faɗa alamar yunwa ce mai tsawo, irin wannan da wuya ya tashi.

Babban tarkon shi ne a sayar maka da ɗan babban fileko a matsayin ƙarami. Suna ƙanana kusan kamarsu ɗaya, amma wancan yana kai santimita 40 ko fiye, kuma cikin shekara guda zai gagari akwatinka. Ka ƙirga ƙasusuwan fiffiken bayansa idan ya buɗe shi: in sun kai goma ko sun wuce, babban ne, ka bar shi. Mai ƙasumba nasa bakwai ne zuwa takwas, kansa kuma ya fi faɗi. Wannan ƙirgen bai isa hujja shi kaɗai ba, don haka in da hali ka nemi ganin iyayen ko wani babba daga cikinsu mai gashi a hanci.

Ba a gane mace da namiji sai sun kai kamar santimita 6 zuwa 7. Namiji yana fitar da ƙasumba mai rassa a tsakiyar hancinsa har sama, mace kuwa babu, ko 'yan gajeru a gefen leɓe. Ka sayi ƙanana biyar ko shida ka raina, idan sun bayyana ka ajiye namiji ɗaya da mata biyu, sauran ka rabar. Maza biyu a akwati irin wannan faɗa ne kullum a kan kogo.

Da ka iso gida, ka ɗora ledar a kan ruwan akwati minti 20 zuwa 30, sannan ka riƙa ƙara mata ruwan akwati kaɗan-kaɗan na rabin awa. Kifin kaɗai za ka saki, ruwan ledar a zubar.

Gargaɗi: kada ka kama shi da raga. Yana da ƙayoyi a gefen kunci da yake warewa idan ya tsorata, duk wanda ya taɓa cire ƙurungu daga koma ya san abin da nake nufi. Ka kora shi cikin kofin roba.

7. Ciyarwa

Mai sayarwa zai ce maka kifin shara ne, ba ya buƙatar abinci. Ƙarya ce, kuma ita ce ta fi kashe su. Gansakukar akwati ba ta isarsa kwana uku, kashin da yake yi kuwa yana da yawa sosai.

Abincinsa yana kasuwar kayan miya: kokwamba, kabewa, dankalin Hausa, karas, alayyafo, ganyen zogale. A wanke sosai a fere, saboda maganin feshin da masu lambu ke yi. A tsoma a tafasasshen ruwa minti ɗaya zuwa biyu, a soka a cokali mai yatsu na silba don ya nutse, a sa bayan magariba tunda da dare yake kiwo. Da safe a cire abin da ya rage. Nawa kabewa suka fi so, karas kuwa sai sun rasa yadda za su yi. Idan ka samu abincin kanti mai nutsewa na masu cin ganye, a haɗa da shi. Abincin tarwaɗa na buhu yana da maiƙo da furotin da yawa, ƙwaya biyu ko uku da aka jiƙa sau biyu a mako sun isa. Fiye da haka yana kumbura musu ciki.

8. Aikin mako-mako

Duk mako ka zuƙe jarka ɗaya daga ƙasan akwati, inda kashin yake taruwa, ka mayar da jarka ɗaya na ruwan da ya kwana. Soso kuma duk mako biyu ko uku a matse shi cikin ruwan da aka zuƙo, ba a bakin famfo ba.

Gargaɗi: maganin sauro. Fiya-fiya, na gwangwani, da na kunnawa duk famfon iska yana zuƙarsu ya tura cikin ruwa. Idan dole ne a fesa, a kashe famfon, a lulluɓe akwatin da jiƙaƙƙen zane, sai ɗakin ya sha iska a kunna. Ka gaya wa uwargida da yara tun kafin ranar ta zo. Haka kuma kada ka kwaikwayi masu kiwon tarwaɗa wajen zuba gishiri, kuma duk maganin kifi da ke da jan ƙarfe a cikinsa ka nisanta shi da akwatin nan.

Da hunturu, hita a kan digiri 25. Tana cin wuta, ƙaramar inbata ba za ta kwana da ita ba, don haka ka manna farin kumfa a baya da gefuna, ka rufa bargo da dare, in ta kama ka sa ruwan zafi a gorar roba ka ɗora a kan ruwan. Ka tanadi waɗannan tun Nuwamba, ba a fafe gora ranar tafiya. Da bazara kuwa ɗaga murfi, juya fanka ta riƙa kaɗa saman ruwa, ƙara ƙarfin iska, ka rage abinci. Idan ka ga kifin yana yawan hawowa sama yana haɗiyar iska, ruwan ya yi zafi ko ya ƙazantu.

9. Saka ƙwai

Sukan balaga tsakanin wata 8 da shekara guda. Alamar farko daga namiji take: zai zaɓi kogo ɗaya, ya share shi, ya zauna ciki wutsiya a waje yana kaɗawa. Mace kuma idan ka dube ta daga sama za ka ga ta yi faɗi.

Ka ƙara musu abinci mako biyu. Sannan wata yamma ka sauya kamar kashi ɗaya cikin uku na ruwan da wanda ya fi na akwatin sanyi da digiri 2 zuwa 3. Wannan yana kwaikwayon saukar damina a kogunansu. Ni nakan dace da ranar da hadari ya haɗo, kuma nakan gauraya da ruwan sama, amma ba na farkon damina ba, ba kuma wanda ya biyo kwano mai tsatsa ba. In ba su yi ba, a maimaita bayan kwana uku ko huɗu. Sau da yawa ma ba sa jiran dabarar kowa.

Mace za ta shiga kogon, yawanci da dare, ta manna curin ƙwai masu ruwan lemo, daga 30 zuwa 80 ko fiye, ta fita abinta. Daga nan aikin uba ne. Zai kwanta a kansu yana yi musu fifita, yana tsince waɗanda suka lalace, kusan ba ya fitowa cin abinci.

Gargaɗi: a nan hannunka ne abokin gaba. Kada ka ɗaga kogon, kada ka juya shi, kada ka riƙa dallara masa tocila kana kiran maƙwabta su zo kallo. Leƙe ɗaya a rana da haske mara ƙarfi ya wadatar. Namijin da aka dama yakan turo ƙwan waje. Sabon uba ma yakan yi haka ba tare da laifin kowa ba. Idan ka tarar da curin a kan yashi, ɗauke shi da cokali ka sa a rariyar shayi ta roba, ka rataye ta a cikin akwatin kusa da inda kumfar iska ke tashi, kana cire duk ƙwan da ya yi fari.

Ƙwai yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 4 zuwa 7, gwargwadon ɗumin ruwa. 'Ya'yan za su fito da jakar gwaiduwa a ciki, su ƙara wasu kwanaki a kogon suna shanye ta. Kamar kwana 10 zuwa 14 daga saka ƙwai za ka wayi gari ka gan su a jikin gilashi.

10. Rainon 'ya'ya

Iyayen ba sa cin su, ba sai ka raba ba. Abu biyu ke kashe su: yunwa da ƙazantar ruwa, kuma maganin ɗaya yana jawo ɗayan. Dole abinci ya kasance a gabansu kullum, kabewa ko kokwamba da aka dafa ta yi laushi fiye da ta manya, ana sauyawa safe da yamma. Saboda haka sauyin ruwa zai koma lita 8 zuwa 10 duk bayan kwana biyu. Ka zuƙo cikin farin bokiti ka duba da kyau kafin ka zubar, kusan kullum sai ka samu ɗaya ko biyu sun biyo tiyo.

Cikin wata biyu zuwa uku sukan kai santimita 3, girman da za a iya bayarwa ko sayarwa. Kafin nan uwar ta sake yin wani ƙwan, domin suna iya yi duk bayan mako 4 zuwa 6. Akwati mai lita 80 ba zai ɗauki zubi uku ba. Ko ka tanadi na biyu, wanda babbar robar wanka sabuwa da matacin soso ma ta isa, ko ka cire kogunan idan uban ya fito don su huta. Ka fara neman masu karɓa tun ƙwai yana kogo: masu shagon kifin ado a Kaduna da Kano, ɗalibai da ma'aikata a Samaru da Kongo masu ƙananan akwatuna.

Gargaɗi: komai yawansu kada ka juye su a kogin Kubanni ko na Galma ko wani kududdufi. Manyan danginsu da aka saki haka sun cika koguna a Filifin da Bangaladash, suna haƙa ramuka a gaɓa suna yaga komar masunta, har Bangaladash ta haramta kiwonsu.

Idan za a tafi da su, a hana su abinci tun ana gobe tafiya. Leda biyu ake sawa ɗaya cikin ɗaya saboda ƙaya, ruwa kashi ɗaya iska kashi biyu, kada su wuce goma a leda. A jera ledojin a kula ko kwali mai rufi, a kama motar sassafe kafin rana ta ɗaga, kuma kwalin ya zauna a kan cinya, ba a but ba.